Tulunan Baba da Kujerar Baya

Ranar da Baba ya rasu, masu zuwa gaisuwa ba su iya zama a falo ba. Mutum zai shigo, ya cire takalmi, ya ce sannunku da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya ɗan taɓa kujera, sai ka ji ya tambayi banɗaki. Banɗakin baƙi a gidanmu na Laurel, a nan Amurka, yana hannun dama. Ƙofar ɗakin ƙasa, inda Baba yake kwana, tana hannun hagu. Ina kicin ina zuba shinkafa a robobi, amma idona biyu, mutum tara na gani sun yi hagu.

Duk wanda ya hauro, fuskarsa ta canza. Wata cikin matan zumuntar ikilisiyarmu ta zo ta tsaya kusa da ni kamar za ta taya ni yanka albasa, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ashe da gaske ne." Wata ta ce ita dama ta daɗe da lura idonsa yana ja. Idon Baba ba ya ja sai lokacin da itatuwa suke fure, kowa a gidan ya sani. Wani ɗan'uwa da ya taso tun daga Springfield har hoto ya ɗauka da waya, yana tsammanin ban gan shi ba.

Tuluna suke sauka su gani. Guda sittin da uku, a jere a kan katakon da Baba ya kafa da hannunsa. Tulunan ƙasa ne masu ƙaramin baki da hannu ɗaya, yawancinsu fari daga ƙasa, ruwan ƙasa daga kafaɗa. A cikinsu ne Turawan ƙauyukan kan dutse suke zuba giyar masara da suke dafawa a ɓoye, a zamanin da gwamnatinsu ta hana. Munshain suke ce mata. Wanda ya tara su kuwa Baba ne, uban mijina, tsohon malamin firamare daga Filato, tsohon dattijon ikilisiya, mutumin da ko lemun kwalba ka ba shi sai ya karanta jikin kwalbar kafin ya kai baki.

Kashegari babban dattijo ya zo tare da fasto, suka kira mijina gefe, amma gidan Amurka bango ba ya riƙe magana. Abin da suka zo da shi shi ne Baba ya rasu yana ƙarƙashin horo. A ikilisiyarmu, ko da yake zauren haya ne muke taruwa ranar Lahadi da yamma, dokar gida muke bi. Wanda aka sa a horo yana zama a kujerar baya, ba ya cin jibin Ubangiji, kuma in ya mutu ba a maido shi ba, gawarsa ba ta shiga majami'a, a bakin kabari za a yi masa addu'a a tashi. Baba ya yi shekara shida a kujerar baya saboda zargin shan giya.

"Ba mu muka ɗora masa ba," in ji babban dattijo. "Da bakinsa ya karɓa. Za mu zauna ranar Alhamis, amma kada ka sa rai da yawa."

Mijina bai yi kuka a asibiti ba, a ranar ya yi. Ni kuwa ina tsaye da cokali a hannu, na san ni ce na kai maganar da ta sa Baba a kujerar nan. A lokacin ina tsammanin ba wanda ya sani sai matar fasto.

Kafin in faɗi yadda aka yi, bari in gaya muku wane ne Baba, domin waɗanda suka sauka ɗakin ƙasa ba shi suka gani ba.

Baba mutum ne da bai yarda da komai ba sai ya gwada. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana gadin wani sito a nan Laurel, halin ya bi shi gida. In ka kulle ƙofa a gabansa, sai ya zo ya murɗa hannun ƙofar. In likita ya rubuta magani, sai ya kawo mini takardar ya ce, "'Yata, duba mini, yaron nan da na gani bai yi kama da wanda ya gama makaranta ba." In na duba na ce daidai ne, sai ya kira wata nas a Germantown ya sake tambaya, a gabana. Abin yana ƙona mini rai. Kankana a kanti kuwa, sai ya ƙwanƙwasa goma kafin ya ɗauki ɗaya. Maganarsa kullum ita ce, "Bari in ji da kunnena."

Ranar Asabar ba a ganinsa. Tun da safe yake tayar da tsohuwar motarsa ya nufi kasuwannin gwanjo na ƙauye, can cikin Virginia, wani lokaci har ya haura Pennsylvania. Sau ɗaya na kai shi, lokacin da aka yi masa aikin ido aka hana shi tuƙi. A ranar na ga yadda yake da tulu. Ba ya fara da kallon jikinsa. Kifa shi yake yi ya duba gindi, ya shafa da tafin hannu, domin tulun da ya yi shekara ɗari ana jansa a kan katako gindinsa yana sulɓi, sabo kuwa yana kartar hannu. Sai ya sa babban yatsansa a ƙasan hannun tulun, inda maginin ya danna yumɓu ya bar shaidar yatsa. Sai ya auna nauyi. Daga ƙarshe ya kai shi kunne ya ƙwanƙwasa da zoben aurensa.

Wani mai sayarwa ya tare mu da labari, wai kakansa ne ya binne wannan tulu a bayan rumbu don gudun 'yan sanda. Baba ya saurare shi har ya gama, ya jiƙa yatsa da yawu ya goga kafaɗar tulun, yatsan ya fito da launi. Ya juyo ya ce mini da Hausa, "Ganyen shayi ne da man takalmi. Kakan nasa bai wuce wata uku ba." Na yi dariya har mutumin ya tsargu. Muka wuce tuluna masu kyau, masu hatimin magini, waɗanda in ka ƙwanƙwasa suke amsawa garau, bai ko taya ba. Wanda ya saya a ƙarshe wani ne da yake ƙara kamar ka bugi kwali, bakinsa a guntule, a cikin kwandon tarkace. Na ce a raina, rowa ce kawai irin ta tsofaffin malamai.

Rigimarmu ta tashi ne a kan ɗaki. Ina da cikin autana, mahaifiyata za ta zo daga Kaduna ta yi mini jego, ba inda za ta kwana. Na ce wa Baba a kwashe tulunan a kai gareji, a raba ɗakin ƙasa biyu. Ya ce sanyin gareji zai buɗe su. Na ce to su buɗe mana, tulun giya ne ba jarirai ba. Ya dube ni ya ce, "Ba za su motsa ba." Ni kuma bakina ba shi da linzami in raina ya ɓaci. Na ce gidan nan da gumina aka saye shi, ina tsayuwar awa goma sha biyu a asibiti, kuma uwata za ta kwana a kujerar falo saboda kwalaben mashaya. Ya sauka ya ja ƙofa.

Bayan kwana biyu na sauka ɗauko wanki, na tarar da shi zaune da tulu a cinya, ɗakin yana wari mai hawa kai. Da ya gan ni sai ya yi sauri ya tura wata ƙaramar kwalba bayan ƙafarsa. Ban tambaye shi ba. Ranar Lahadi na ja matar fasto gefe na ce ina da abin da yake damuna, a taya ni da addu'a. Duk wanda ya girma a ikilisiya ya san inda irin wannan addu'ar take ƙarewa, ni ma na sani. Bayan mako uku aka karanta sunan Baba, ya tashi daga layin dattawa, ya ɗauki Littafinsa, ya taka har kujerar da take kusa da ƙofa.

Na zauna ina jiran ranar da zai gane. Shekara shida ina jira. In ya yi shiru a tebur, sai in ce ya sani. In ya yi mini fara'a, sai in ce yana gwada ni ne. Da na haihu, shi ya dafa mini gwate irin na mutanensu, ya hauro da shi a kwano yana hura hannu, na karɓa ina leƙen fuskarsa ko zan ga wani abu. Duk lokacin sanyi, kafin in fito aiki, zan tarar ya kankare ƙanƙarar gilashin motata ya tayar da ita ta yi ɗumi. Ko wannan ban bar shi haka ba, na ce so yake ya ɗora mini nauyi. Kuma don in samu in yi barci, sai na riƙa neman shaida a kansa. Ina sunsuna kofinsa kafin in wanke. Ina duba shara. Ban taɓa samun komai ba, sai na ce ai tsohon mai gadi ne, ya san yadda ake ɓoyewa.

Ranar Laraba, ana gobe zaman dattawa, wani tsohon Bature ya buga ƙofa. Dogo ne, da hular masu noma, ya yi tuƙin awa uku. Ya kira wayar Baba ne a kan alkawarin da suka yi na Asabar, mijina ya ɗauka ya gaya masa. A falo na ga wata tana taɓa wata, wato ga mai kawo masa kayan ya zo. Ya roƙi a bar shi ya ga tulunan. Muka sauka da shi, ni da mijina, Goggo kuma, yayar Baba da take zaune wajen 'yarta a Germantown, ta biyo mu ta zauna a kan matakala saboda gwiwa.

Baturen ya cire hula ya tsaya ya daɗe. Mijina, da yake an cika masa kunne cewa akwai dukiya a ɗakin, ya tambaye shi ko nawa za su yi. Mutumin ya girgiza kai ya ce kusan ba komai. Ya ciro wata 'yar tocila mai shuɗin haske ya haska tulu ɗaya, sai ga layuka sun fito a jikinsa kamar jijiyoyin bayan hannu. Ya haska na biyu, haka. Ya bi jerin tuluna guda har ƙarshe, babu lafiyayye ko ɗaya. Ya ce a duk kasuwannin nan an san Baba, shi ne mutumin da yake sayen fasassu. Masu tara tulu ba sa son gyararre, darajarsa tana faɗuwa warwas, shi ya sa in tulu ya faɗi ya fashe sai a tattara a jaka a ajiye masa. Akwai tulun da Baba ya kawo gida gutsure goma sha bakwai, ya yi wata biyu yana haɗawa. Ya ce ya sha yi masa tayin lafiyayye a farashin banza don abota, Baba ya ƙi.

Sai ya miƙa hannu bayan katako ya ɗauko ƙaramar kwalba, ya ce da wannan ake goge bakin fashewar kafin a sa gam. Ya buɗe. Sifirit ne. Ni nas ce, sau nawa nake shafa shi a hannun marar lafiya kafin in yi allura? Warin nan na san shi kamar warin kicin ɗina. Kuma zan faɗi gaskiya tunda na fara: ko a waccan ranar, wani gefe na zuciyata ya san shi. Ɗakin nake so.

Goggo ta ce a fassara mata abin da Baturen yake cewa. Da mijina ya gama, sai ta ce, "Uwarmu burkutu take dafawa."

Mijina bai taɓa jin wannan ba. Ta ce da kuɗin burkutu aka kai Baba kwalejin horon malamai. Ya dawo hutu na biyu da zafin sabon tuba, ranar kasuwa, gida cike da masu sha, ya ɗauki taɓarya ya bi tukwanenta da randunanta ɗaya bayan ɗaya. Giya ta malale har ƙofar gida. Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki tsintsiya ta share gutsattsarin da kanta, ta juyo ta tambaye shi ko ya ci abinci. Ba ta ƙara dafawa ba, itace ta koma sarowa daga kan dutse har bayanta ya lanƙwashe, kuma da kuɗin itacen ya gama makaranta. Kullum yana cewa zai zauna da ita su yi magana. Yana wajen aiki a wani gari ta rasu.

"Ban ce shi ya sa yake wannan ba," in ji Goggo, tana nuna katakon da haɓa. "Bai taɓa gaya mini ba, kun san halinsa. Ni dai ina wurin ranar."

Ranar Alhamis dattawa huɗu da fasto suka zauna a falonmu. Na yi shirina. Na hauro da tulu uku a kan faranti, na cika su da ruwa a gabansu. Kafin a gama addu'ar buɗewa ruwa ya fara tsattsafowa ta gindi. Na ajiye kwalbar sifirit a gefe, na maimaita abin da Baturen ya faɗa. Ina tsammanin wannan zai isa, in tsira ban buɗe bakina a kan sauran ba.

Babban dattijo ya kalli farantin ya ce, "'Yata, kin nuna mana tulun ba ya riƙe ruwa. Ba ki nuna mana Malam bai sha ba. In bai sha ba, me ya hana shi musu? Duk shekara ina zuwa har ɗakin nan in ce ya fito gaban jama'a ya tuba a maido shi, ya ce ba shi da abin faɗa. Mutumin da bai musa ba, bai kuma tuba ba, ya kike so mu yi da shi?"

Na dubi mijina. Shekara goma sha biyar muna tare, bai san wannan ba. Na sauka daga kujera na durƙusa a kan kafet, na ce wa babban dattijon, "Baba, ni ce na kai maganar. Ban ga ya sha ba. Wari na ji, kuma na san warin. Haushin ɗaki nake ji."

Na ji mijina ya ja numfashi. Amma fuskar babban dattijo ba ta nuna mamaki ba, wannan ne ya fara tsorata ni.

"Cewa ke ce, mun sani," ya ce. "Shi ma ya sani."

Ya ce ranar da suka kira Baba, sun karanta masa doka kamar yadda ake yi wa kowa: in ya musa, za a kira wanda ya kawo maganar, su tsaya fuska da fuska a gaban dattawa, wanda aka samu da ƙarya shi zai ɗauki horon. Baba ya ce a gaya masa ko wane ne. Aka gaya masa. Sai Baba ya ce, "Cikinta wata takwas ne. Kada ku kira ta. Ku rubuta abin da za ku rubuta."

"Mu kuma muka ɗauka amsa laifi ne," in ji dattijon. Muryarsa ta sauka. "Shekara arba'in na san shi. Ya kamata in tambaye shi sau biyu."

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Abin da yake zuwa mini kawai shi ne kwanon gwaten nan, da yadda yake hura hannu. Mako biyar ke nan da ya san abin da na yi masa lokacin da ya hauro da shi.

Ranar Asabar aka shigo da Baba majami'a, aka ajiye shi a gaba, inda dattawa suke zama. Fasto ya karanta takardar maido shi a gaban kowa. Waɗanda suka yi hagu a gidana duk suna wurin, sun fi kowa ɗaga murya a waƙa, har da mai ɗaukar hoto. Ban ji haushinsu ba sosai, domin abin da na ba su ne suka ci. Baturen ma ya zo, ya zauna da hularsa a gwiwa, bai gane ko kalma ɗaya ba.

Tulunan suna nan yadda ya bar su. Mijina ya ce ba za su motsa ba, kuma da muryar ubansa ya faɗa. Yana cin abincina, muna maganar yara da ta aiki, amma waccan maganar bai buɗe ta ba tukuna, ni ma ban matsa masa ba. Ran nan na tarar da shi a ɗakin ƙasa ya sa babban yatsansa a ƙasan hannun wani tulu, na juya na hau ban bari ya ji motsina ba.

An ba ni horon wata shida saboda shaidar zur. Ba wanda ya nuna mini inda zan zauna, na san wurin. Kujerar ƙarfe ce mai naɗewa, kusa da ƙofa, duk wanda ya shigo a makare sai iska mai sanyi ta doke ka a wuya. Lahadin farko da na zauna, na ɗaga kai don in ga fasto, sai na ga ginshiƙi ya tare shi. Daga kujerar Baba ba a ganin bagade. Abin da yake saitin idonka shi ne layi na uku a gefen mata, kujera ta biyu daga hanya, inda nake zama tun da muka fara zuwa. Shekara shida, duk Lahadi, ƙeyata yake kallo, sannan a tashi ya riga ni fita ya tayar mini da mota.

Ubangiji ya ba ka hutawa, Baba. Yanzu na ji da kunnena.